Ko Kun Sani?

In kun leƙa shagon masu tura fina-finai a Gwandu ko Kalgo, da wuya ku rasa manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfutarsu. Ɗaliban makarantar École Centrale ta birnin Faris ne suka fara haɗa manhajar a 1996, aka sake ta kyauta a 2001. Alamarta kuwa robar nan ce mai tsini da ake jerawa a titi, wadda ɗaliban suka riƙa tarawa don raha.

Faifan VCD da muka sha kallon Kannywood a kai, hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Cikakken HD kuwa 1920 da 1080 ne, wajen ninki 20. Shi ya sa in aka kunna fim ɗin HD, tsohuwar kwamfuta ke sarƙewa, murya ta riga hoto.