Zuba: Yadda Aiki Yake a Kwalejin da ke Horar da Malaman Abuja

Duk wanda ya taɓa shigowa Abuja ta hanyar Kaduna ya san Zuba, ko da bai sauka a mota ba. Da an wuce Dutsen Zuma da Madalla sai ga ta, da tasharta mai cike da motocin da ke zuwa kowace kusurwa ta Najeriya, da kasuwarta ta kayan marmari inda ake sauke lemo da ayaba da abarba da kankana mota-mota. Abin da matafiyi bai cika lura da shi ba, cikin masu tsallaka titi da sassafe akwai samari da 'yan mata rungume da littattafai, akwai kuma magidanta da jakar kwamfuta a kafaɗa. Da yawansu wuri ɗaya suka nufa, wato Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya, wadda aka kafa a 1996, shekara biyar bayan gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja.

Kwalejin tana cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, kuma Hukumar Gudanarwar Babban Birnin Tarayya ce ke riƙe da ita. Aikinta a fili yake: samar da malamai ga makarantun firamare da ƙananan sakandare na yankunan Abuja shida, wato cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. A Amurka akwai wasu kwalejoji na al'umma da ake karatun shekara biyu a cikinsu, kuɗinsu da sauƙi, ɗalibansu 'yan gari ne masu zuwa su koma gida. Ta garin Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka a matsayin uwarsu. A Abuja, kwalejin Zuba ce ta fi kusa da wannan tsari. Ɗan manomin Abaji da bai samu gurbi a jami'a ba, da matar aure da ta dawo karatu bayan haihuwa uku, da malamin makarantar kuɗi da yake son ya samu takardar shaida, duk a aji ɗaya suke zama. Karatun shekara uku ne, a ƙarshe a ba mutum NCE.

Ita wannan takarda ta NCE tana da tarihi. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya buɗe ƙofar kafa manyan kwalejojin horar da malamai, aka buɗe ta Zariya a 1962. Kafin nan, da ma bayan nan na tsawon shekaru, malamin firamare a Arewa mai shaidar Gired Tu ne, mai farin wando da alli a aljihu. Sannu a hankali manufar ilimi ta ƙasa ta mai da NCE mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita. A 1989 aka kafa hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, hedikwatarta na Abuja, sai kuma a 1993 aka yi dokar hukumar TRCN mai rajistar malamai.

Amma kwaleji ba ɗalibai kawai ba ce, wurin aiki ce, inda ɗaruruwan mutane ke neman abincinsu. A sama akwai shugaban kwaleji da mataimakinsa, da magatakarda, da ma'aji, da shugaban ɗakin karatu. Ƙarƙashinsu ma'aikata sun kasu gida biyu: masu koyarwa, da waɗanda ba sa shiga aji amma in ba su komai ya tsaya, irin su ma'aikatan rajista, da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, da direbobi, da masu gadi. Kowane gida da ma'aunin albashinsa, kowane gida da ƙungiyarsa. Malamai suna cikin COEASU, sauran kuma suna tsakanin SSUCOEN da NASU.

In ana maganar labarin ma'aikata a irin wannan wuri, babu wanda ya kai na ƙarin girma farin jini. Haihuwa da aure da rasuwa duk suna zagaya zaurukan WhatsApp na sassa, a yi karo-karo, a je barka ko ta'aziyya. Amma ranar da aka ce jerin sunayen waɗanda aka ƙara wa girma ya fito, ranar ce ake ganin mutane cirko-cirko a gaban allon sanarwa. Tsanin malami a kwalejin ilimi hawa bakwai ne: mataimakin malami, sai malami mai daraja ta uku, ta biyu, ta ɗaya, sannan manyan matakai uku na sama, wanda na ƙarshensu ake ce wa Cif Lakcara. A bisa al'ada sai mutum ya yi shekara uku a mataki kafin a duba shi. Kowace shekara zai cika fom ɗin auna kwazo, shugaban sashensa ya sa hannu, kwamiti ya zauna. Shekarun kaɗai ba sa kai mutum sama. Ana neman ƙarin digiri, ana neman maƙalu da aka buga a mujallun ilimi, ana neman shaidar halartar taron masana. A manyan matakai ma ana aika rubuce-rubucen mutum ga masana na waje su duba.

A nan ne gizo ke saƙar. Malamin da ke da ajin mutum ɗari biyu, ga duba takardun jarrabawa, ga ɗaliban da yake kula da bincikensu na ƙarshe, yaushe zai zauna ya yi bincike na ƙwarai? Wannan matsi ya haifar da kasuwar mujallun ka-biya-mu-buga a faɗin ƙasar nan, waɗanda ke karɓar kuɗi yau su fitar da maƙala jibi ba tare da wani ya karanta ba. Ya kuma haifar da al'adar "sa sunana, in sa naka", inda mutum biyar za su hau maƙala ɗaya, huɗu cikinsu ba su san me ta ƙunsa ba. Tsofaffin hannu a wannan aiki shawara ɗaya suke bai wa sababbi: maƙala ɗaya mai nauyi a shekara, wadda ta fito daga abin da mutum yake gani a ajinsa, ta fi guda biyar da zai ji kunya in an tambaye shi a kansu.

Labari na biyu da ke tayar da ofis tsaye shi ne na asusun TETFund. Asalin asusun dokar harajin ilimi ce ta 1993, a 2011 aka sake masa suna da tsari aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. Harajin ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya kai kashi 3 a 2023. Duk wanda ya shiga kwalejin gwamnati a Najeriya zai ga sunan asusun a jikin gine-gine, amma abin da ya fi damun ma'aikaci shi ne kuɗin ƙaro karatu da na zuwa taro da na bincike. Wanda aka ɗauki nauyinsa yana sa hannu a yarjejeniya cewa zai dawo ya yi wa kwalejinsa aiki. Yawan waɗanda suka tafi waje suka ƙi dawowa, haɗe da tsadar canji, ya sa asusun ya dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙetare daga farkon 2025. Yanzu mai neman digiri na uku a cikin gida zai nema, kuma ma'aikacin Zuba ya yi dace a nan, domin jami'ar Abuja da aka kafa a 1988 tana kusa da shi, hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta ƙasa kuma tana Jabi.

Abin kiyayewa ɗaya ne: kada mutum ya fara karatu da izinin baki. "Je ka, ba komai" daga bakin shugaban sashe ba takarda ba ce, kuma shugabanni suna canjawa. Haka abin yake ga hutu, da musayar darasi, da karɓar kayan ofis. Ma'aikacin da ya san kan aiki yana da fayil nasa na kansa a gida: takardar ɗauka, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da takardun albashi. Ya kuma duba cewa ranar haihuwarsa iri ɗaya ce a fayil ɗin ofis da lambar NIN da banki da kamfanin fansho. Dokar 2012 ta sa malaman kwalejojin ilimi ritaya a shekara 65, dokar fansho ta 2014 kuma ta ce ma'aikaci ya ajiye kashi 8 na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Bambancin shekara ɗaya tak a takarda kan jawo wa dattijo zirga-zirgar watanni a lokacin da ƙafa ta riga ta gaji.

Ga bukukuwa, kalandar kwaleji ba ta rasa su. Akwai rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da masu hoto da masu sayar da abinci ke cin kasuwa, iyaye su zo daga ƙauye su ga ɗansu cikin alkyabbar karatu. Akwai makon ɗalibai da ranar al'adu, wadda a Abuja take da armashi na daban, tunda ga Gbagyi da Koro da Gade da Bassa da Gwandara 'yan ƙasa, ga Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da Tibi. Akwai gasar wasanni ta kwalejojin ilimi ta ƙasa, NICEGA. Akwai bikin yaye ɗalibai. Akwai kuma zuwan tawagar NCCE don tantance kwasa-kwasai, wanda ba biki ba ne amma ya fi kowane biki hana barci: za a ƙirga malamai da shaidunsu, a buɗe tsofaffin takardun jarrabawa, a leƙa ɗakin karatu da na gwaje-gwaje. Sashen da ya saba adana takardunsa kullum ba ya firgita. Wanda sai an ji ƙarar motar baƙi yake neman fenti, shi ke kwana a ofis.

Sai dai babban al'amarin shekara ba a harabar kwaleji yake faruwa ba. Shi ne gwajin koyarwa, wanda kowa ke kira TP. Bayan ɗalibi ya yi atisaye a gaban 'yan ajinsu, ana tura shi makaranta ta gaske ya yi watanni yana koyarwa, malamansa suna binsa su zauna a bayan aji su ba shi maki. A nan ake gane wanda zai iya. Yarinyar da ta haddace ka'idojin koyarwa tsaf za ta tarar da yara saba'in a aji ɗaya, wasu a ƙasa suke zaune, wasu Gbagyi suke ji, wasu Hausa, littafin kuma da Turanci aka rubuta. Tsarin darasin da ta kwana tana rubutawa zai iya rushewa cikin minti goma. Abin da zai cece ta shi ne malamin da ya zo da gaske, ya zauna har ƙarshen darasi, sannan ya ja ta gefe ya ce mata, "Kin yi sauri a nan, kin bar na baya, gobe ki fara da tambaya." Minti goma sha biyar na irin wannan magana kan zauna a kan ɗalibi fiye da laccar zango guda.

Zuwan kuwa ba sauƙi gare shi ba. In makarantar tana Kubwa ko Dei-Dei an huta, amma akwai waɗanda sai an bar kwalta an hau babur, in da damina ce sai an yi addu'a. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, ma'aikata suka koma haɗa kuɗin mai su shiga mota ɗaya daga Suleja ko Gwagwalada. TETFund na ware wa kwalejojin ilimi kuɗin duba gwajin koyarwa, amma duk inda aka je a ƙasar nan kukan ɗaya ne: malamin da ya sha ƙurar hanya ya duba ɗalibansa sau uku, da wanda ya leƙa sau ɗaya ya cike fom a gindin bishiya, ba wani bambanci a tsakaninsu idan aka zo teburin ƙarin girma. Maƙala ake ƙirgawa. A ganin mai wannan rubutu, an sa ma'aunin a inda ba nan nauyin yake ba.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da aikin malanta ke neman masu so. Shekaru da dama ke nan mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi bai wuce 100 cikin 400 ba, duk da haka kujeru na zama babu kowa a kwalejoji da yawa, domin kowa digiri yake so. Dokar 2023 ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE, tsofaffin kwalejojin Zariya da Kano kuma sun zama jami'o'in ilimi. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu iyaye nauyi. Amma ɗalibin Zuba yana da ido. Ya ga yadda malaman firamaren Abuja, wato yayyensa a wannan sana'a, suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin haƙƙoƙinsu, azuzuwa a rufe, yara a gida.

Gyaran albashi yana hannun shugabannin ƙananan hukumomi da ministan Abuja. Wanda ke hannun kwalejoji da hukumar NCCE bai kai wannan tsada ba: a biya kuɗin duba gwajin koyarwa kafin a fita, ba bayan an dawo ba, a riƙa jin ta bakin shugabannin makarantun da ke karɓar ɗalibai, a kuma ba wannan aiki maki mai nauyi a fom ɗin ƙarin girma. Iyaye kuma da ke kai yara makarantun gwamnati a Kwali ko Kuje, idan suka ga baƙuwar fuska a gaban allo, su tambaya ko malaminta daga kwaleji ya zo ya duba ta.