Hoton Ciki da Ciwon Dajin Hanta: Abin da Likita Ke Nema Kafin a Ƙona Ƙari da Bayan An Ƙona

Ciwon dajin hanta yana cikin cututtukan daji da suka fi kashe magidanta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma yakan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Babban tushensa shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda mutane da yawa ke ɗauka tun suna ƙanana ba tare da sun sani ba. Gubar da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna tana ƙara haɗarin, haka ma giya da ciwon hanta nau'in C.

Hanta ba ta saurin kuka. Kafin ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, mutum ya rame, galibi ƙarin ya riga ya yi girma. Amma idan aka gano shi yana ƙarami, akwai magani, kuma ɗaya daga ciki shi ne ƙona ƙarin da allura. A wannan aiki, hoton ciki shi ne idon likita tun daga farko har ƙarshe.

Mene ne hoton ciki?

Shi ne sikanin da ake yi wa mata masu juna biyu, wanda a Nijar da Kamaru da Chadi aka fi sani da eko. Na'urar tana tura wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sautin ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Babu yanka, babu zafi, kuma ana iya maimaita shi ba tare da illa ba. Akan nemi mutum ya yi kamar awa 6 bai ci abinci ba, don iskar hanji tana tare hoton.

Wanda hantarsa ta riga ta taurare, da mai ciwon hanta nau'in B da likita ya ce yana cikin haɗari, ya kamata su yi wannan hoto duk wata 6, sau da yawa tare da gwajin jini da ake kira AFP.

Kafin a ƙona

Likita yana neman amsar tambayoyi uku.

Girman ƙarin nawa? Ƙonawa ta fi aiki a kan ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, wato kamar girman goro.

Guda nawa ne? Galibi ana yin aikin idan ba su wuce 3 ba, kuma ciwon bai fita daga hanta ba.

A ina yake? Idan yana jikin babbar jijiyar jini, jinin da ke gudana yakan kwashe zafin, sai wani gefe ya ƙi ƙonuwa. Idan yana dab da hanji ko matsarmama, ana tsoron zafin ya taɓa su.

A wasu manyan asibitoci akan yi wa mutum allurar wani ruwa mai ɗauke da kumfa ƙanana ƙwarai. Kumfar tana bin jini tana haskaka duk inda ta shiga. Da yake dajin hanta yana zuƙar jini daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, yakan yi haske cikin daƙiƙa 30 na farko, kafin sauran hantar, daga baya kuma ya dusashe. Wannan alama tana taimakawa a bambance daji da ƙarin da ba shi da illa. Kumfar tana fita ta numfashi cikin 'yan mintoci, ba ta cutar da ƙoda. Inda babu wannan ruwa, akan yi hoton CT ko MRI.

Lokacin aikin

Bayan an kashe zafi ko an sa mutum barci, likita yana kallon allo yana tura siririyar allura ta fata har tsakiyar ƙarin. Bakin allurar yana ɗaukar zafi fiye da digiri 60, wanda ke kashe naman da ke kewaye. Da gangan ake haɗawa da lafiyayyen nama na kusan rabin santimita zuwa santimita 1 a kowane gefe, kamar yadda manomi ke share gefen gona don kada ciyawa ta sake kutsowa.

A lura: wannan ba sakiya ba ce. Ƙarfe mai zafi ko tsagar wanzami a fatar ciki ba sa kai wa ga hanta. Abin da suke jawowa shi ne miki, zubar jini da ɓata lokaci, kuma askar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita tana yaɗa ciwon hanta.

Bayan an ƙona

Ƙarin ba ya ɓacewa daga hoto. Tabo yana nan, har ma ya fi ƙarin faɗi saboda gefen da aka haɗa, don haka kada hankali ya tashi idan aka ga awon ya ƙaru. Hoton ciki na yau da kullum ba ya iya raba mataccen nama da mai rai sosai. Abin da ake nema shi ne jini: wurin da ya mutu ba ya shan jini, sai ya fito baƙi ƙirin idan an sa ruwan kumfa. Idan wani lungu a gefe ya yi haske, to akwai saura, kuma sau da yawa ana iya sake ƙona shi.

Akan yi wannan dubawa bayan kamar wata 1, sannan duk wata 3 a farko. Dalili kuwa, hantar da ta fitar da ƙari ɗaya tana iya fitar da wani a wani wuri. Jin sauƙi a jiki ba shaida ba ce cewa an gama.

Ɗan zazzaɓi, kasala da ciwo a gefen dama na 'yan kwanaki ba baƙon abu ba ne. Amma ciwon ciki mai tsanani, jiri, zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, aman jini ko wahalar numfashi suna buƙatar a garzaya asibiti nan take.

Abin da za ku yi

Ba a yin ƙonawa a asibitin sansani, kuma ba kowane babban asibiti ke da kayan aikin ba. Hanya tana farawa ne daga ma'aikatan lafiya na nan, su ne za su duba ku su tura ku gaba idan da buƙata.

- Ku nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, musamman idan wani a gidanku ya rasu da kumburin ciki.
- A yi wa jariri rigakafinsa da wuri, mafi kyau cikin awa 24 da haihuwa, a kuma kammala sauran alluran.
- Ku tsince gyaɗa da masara, ku zubar da masu fumfuna.
- Ku adana takardun hoto da na gwaji a cikin leda tare da katinku. Idan kun sauya sansani ko kun koma gida, sabon likita zai kwatanta tsohon hoto da sabo, ta haka zai gane ko tabo ne ko sabon ƙari.

Wanda aka ba shi ranar komawa hoto, kada ya bari ta wuce. Idan akwai matsalar mota ko takardar fita, ya sanar da ma'aikatan lafiya tun da sauran lokaci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.