Ƙasusuwan Dabbobin Teku A Ƙasar Gobir

Wanda duk ya bi Gulbin Rima daga Sabon Birni ya gangara Goronyo da rani, ba abin da zai sa masa tunanin teku a rai. Amma masanan duwatsu sun tabbatar da cewa wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya kwanta a wannan yanki. Shaidarsa tana nan cikin laka mai falle-falle wadda ake kira da sunan Dukamaje, inda ake tono haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da na kada.

A 1930 wani masani na gidan tarihin halittu na London, W. E. Swinton, ya bayyana waɗansu ƙasusuwa da aka kai masa daga Lardin Sakkwato, ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne wanda irinsa ya ƙare. A 1972 masana daga Italiya, da suka sami ƙoƙon kansa, suka ga ya bambanta da 'yan'uwansa, suka raɗa masa Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Ƙafafunsa kamar filafilin kwalekwale suke, da su yake iyo. Abin takaici ne a ce sunan garinmu yana cikin littattafan Turai, yaranmu kuwa ba su taɓa jin labarin ba.

Ta wajen Isa da dajin Gundumi labarin daban ne. Can yashin tsofaffin koguna ne da suka riga tekun, a cikinsa kuwa akan tsinci guntayen itace da suka zama dutse. Itacen ya faɗi, yashi ya binne shi, ruwa mai ɗauke da narkakken ma'adini ya riƙa shiga jijiyoyinsa sannu-sannu har ma'adinin ya maye gurbin naman itacen, siffarsa ba ta sāke ba.

To, ga inda malaman makaranta da ma'aikatan hukuma suka shigo. Masu haƙar rijiya da masu yankan hanya su ne ke fara cin karo da irin waɗannan, su kuwa sai su yar. Masani yana gane shekarun ƙashi ne daga fallen ƙasar da ya fito, saboda haka ƙashin da ba a san mafitarsa ba amfaninsa kaɗan ne. In aka kawo muku, ku rubuta sunan garin, da gaba nawa aka haƙa, da launin ƙasar, ku naɗe shi tare da takardar, sa'an nan ku sanar da sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.