Idan Gida Ya Bar Cin Nama, Yaya Za A Yi Da Yara?

A Ingila akwai wata ƙungiya da Donald Watson ya kafa cikin 1944, mutanenta ba su cin nama ko ƙwai, ba su shan madara, sai abin da ƙasa ta tsirar. Yau magidanta da dama can sun bi wannan hanya. To, babba shi ya zaɓa wa kansa, amma yaro abin da aka zuba masa shi zai ci.

Babbar wahala ita ce wani sinadari da likitoci ke kira B12, mai gyara jini da jijiyoyi, wanda babu shi a hatsi ko ganye. Babba yana da ajiyarsa ta shekaru a hanta. Jariri kuwa, in nonon uwarsa ya rasa shi, sai ya yi laushi, girmansa ya tsaya, wani ma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Saboda haka lalle ne uwa da ɗa su riƙa shan maganinsa. Cikin 2019 majalisar likitocin Beljiyam ta ce kada a ɗora yara kan irin wannan abinci, ko da ya ke masanan abinci na Amurka sun yarda da shi cikin 2016, muddin an tsara shi sosai.

Kuma cikin yaro ƙarami ne, ganye ya kan cika shi tun bai sami ƙarfi ba. Sai a haɗa masa da wake, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da mai.