Tun Kafin Gari Ya Cimma Gona: Dangoma da Batun Tsara Filaye

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ke ta faɗaɗa tana cin gonakin da ke kewaye da ita. Kafa Jami'ar Tarayya a 2013, da zaunar da ita a ƙaramar hukumar Kalgo, ya ƙara wa filayen yankin daraja. Inda ɗalibai da ma'aikata suka taru, nan dillalai kan bi da igiyar awo. Garuruwan yankin irin su Dangoma, waɗanda noma da kiwo ke riƙe da su, suna da damar da tsofaffin unguwannin birni suka rasa: ana iya shata hanya da magudanar ruwa tun ƙasa tana gona, tun ba a kai ga maganar diyya ko rusau ba.

Matsalar tana cikin rabon iko. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi neman izini kafin gini, sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a ƙarar da Legas ta shigar, ya tabbatar da cewa wannan aiki na jihohi ne. Ke nan alhakin yana wuyan gwamnatin Kebbi da hukumarta ta raya birane, KUDA. Sai dai gefen gari kan faɗa tsakanin ikon jiha da na ƙaramar hukuma. Mai gona ya yanka fuloti, mai unguwa ya shaida, mai saye ya kafa tubali, babu wanda ya ware filin makaranta, maƙabarta ko burtalin shanu. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar, ta nuna abin da fadamun gulbin Rima ke yi idan ruwa ya rasa mafita.

Masu adawa na cewa ƙa'idar gini wahalar da talaka kawai take yi: takarda ta yi wata da watanni, jami'i ya nemi na goro, mai hannu da shuni ya gina abin da ya ga dama. Koken yana da tushe, amma maganinsa gyara hukuma ne. Idan babu tsari, talakan ne dai zai zauna a lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, rijiyarsa daf da masan maƙwabci, kuma gidansa ake fara shafa wa jan fenti ranar da za a fitar da titi.

Abin da ake buƙata kaɗan ne, amma a tsaya a kansa. A zana taswirar awon filaye, a liƙa ta a sakatariyar Kalgo da ƙofar hakimi yadda kowa zai gani. A bayyana kuɗin izini da wa'adin fitarsa. A sa hakimai da dagatai na masarautar Gwandu cikin aikin, domin a gabansu ake ƙulla yawancin cinikin gona, kada su shaida wanda ya ci hanya ko magudana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma turken siminti da za a kafa a bakin hanya yau ya fi kuɗin hayar katafila gobe araha.