Wasannin kwaikwayon sararin samaniya

Wasannin kwaikwayon sararin samaniya wani nau'i ne na wasannin bidiyo da ɗan wasa yake tuƙa kumbo a cikinsu, yana yawo tsakanin taurari da duniyoyi. Ana yin su a kwamfuta, da na'urorin wasa irin su PlayStation da Xbox, wasu kuma a wayar hannu. Wasunsu yaƙi ne zalla, wasu fatauci da haƙar ma'adinai, wasu kuma suna koyar da yadda ake harba roka da gaske. Tun daga shekarun 1980 masu ƙera waɗannan wasanni da masu yin su suke muhawara a kan abubuwa uku: yawan 'yancin da ya kamata a bar wa ɗan wasa, abin da ke sa yawon bincike ya yi armashi, da yadda za a haɗa mutane masu yawa a fili ɗaya ba tare da wasu sun hana wasu sakat ba.

Tarihi

Wasan farko da ya yi suna a wannan fanni shi ne Spacewar!, wanda Steve Russell da abokansa suka rubuta a shekarar 1962 a jami'ar MIT da ke Amurka, a kan kwamfuta samfurin PDP-1. Mutum biyu ne suke yin sa, kowa da kumbonsa, suna harbin juna yayin da wani tauraro da ke tsakiyar allo yake janyo su.

A shekarar 1984 ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a kan kwamfutar BBC Micro. Ɗan wasa yana farawa da ƙaramin kumbo da kuɗin wasa 100 a tashar Lave, kuma babu wanda zai faɗa masa inda zai nufa. Wasan yana da garken taurari takwas, kowanne da duniyoyi 256, alhali ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta wuce kilobayit 32 ba.

A shekarar 1990 Chris Roberts ya fitar da Wing Commander, wanda ya bi wata hanya dabam. Shi wannan labari ne shiryayye kamar fim, ɗan wasa sojan sama ne da ake tura shi aiki bayan aiki. Daga waɗannan wasanni biyu ne fannin ya rabu gida biyu: na buɗaɗɗen fili da na shiryayyen labari. Bayansu an samu Frontier: Elite II a 1993, da X: Beyond the Frontier na kamfanin Egosoft na Jamus a 1999, da Freelancer da EVE Online a 2003, da Elite Dangerous a 2014, da No Man's Sky a 2016, da Starfield a 2023.

'Yancin ɗan wasa

A wasa mai buɗaɗɗen fili mutum ne yake zaɓar sana'arsa. Yana iya zama falke, ya sari kaya inda suke da araha ya kai inda suke da tsada. Yana iya zama mahaƙin ma'adinai, ko mai farautar masu laifi don a biya shi lada, ko ɗan fashi. Tsarin fataucin yana kama da na fataken da suka riƙa safarar goro daga Gwanja zuwa Kano: akwai zango, akwai farashin da yake bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma duk wanda ya ɗauko kaya mai daraja yana buƙatar ayari ko 'yan rakiya.

Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa labarin da mutum ya ƙulla da kansa ya fi zama masa a rai fiye da wanda marubuci ya tsara masa. Masu suka kuma suna cewa 'yancin da ba shi da manufa yakan rikiɗe ya zama aikin gayya, mutum ya yi ta jigilar kaya iri ɗaya na sa'o'i don kawai ya tara kuɗin kumbon da ya fi nasa girma. An sha yi wa Elite Dangerous irin wannan suka, ana cewa yana da faɗi amma ba shi da zurfi.

Akwai kuma tambayar yadda wasa zai bi gaskiyar kimiyya. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana da nisan shekarar haske 4.2, kuma shekarar haske ɗaya ta kai kilomita tiriliyan 9.46. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 zai ɗauki fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan nisa. Saboda haka yawancin wasanni suna ƙirƙiro injin da yake tsallaka taurari cikin daƙiƙoƙi. Kaɗan daga cikinsu sun zaɓi bin dokokin motsi kamar yadda suke. Misali shi ne Kerbal Space Program na kamfanin Squad da ke Meziko, wanda ya fara fitowa a 2011 aka kammala shi a 2015. A cikinsa idan mutum bai lissafa nauyin roka da yawan mai da kyau ba, rokar za ta faɗo ko ta maƙale a falaki. A 2014 hukumar NASA ta haɗa hannu da masu wasan wajen sanya wani aiki na kamo dutsen sararin samaniya.

Yawon bincike

Babu kamfanin da zai iya zana miliyoyin duniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da ake amfani da ita tun zamanin Elite ita ce ƙirƙira ta lissafi. Ana ba kwamfuta lamba ɗaya a matsayin iri, sai ta bi wasu ƙa'idoji ta fitar da sunan duniya, da girmanta, da yanayinta. Duk lokacin da aka ba ta wannan lambar, abu ɗaya za ta fitar. Don haka ba sai an adana duniyar ba, ana sake lissafa ta ne idan ɗan wasa ya iso.

Da wannan dabara Elite Dangerous ya kwaikwayi garken taurarin da ranarmu take ciki, da taurari kimanin biliyan 400, kuma har bayan shekara goma da fitowarsa 'yan wasa ba su ziyarci ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. No Man's Sky kuwa yana da duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616, wato biyu a ninka ta da kanta sau 64.

Matsalar ita ce maimaici. Idan ƙa'ida ɗaya ce take haifar da duwatsu da tsirrai da dabbobi, bayan mutum ya sauka a duniyoyi ashirin ko talatin zai fara ganin kamar ya taɓa zuwa wurin. Starfield na kamfanin Bethesda yana da duniyoyi fiye da 1,000, amma 'yan wasa sun koka cewa gine-gine iri ɗaya suke sake tararwa, kuma tafiya daga duniya zuwa duniya zaɓi ne a kan taswira maimakon tuƙi na gaske.

Ɓangare na biyu na muhawarar yana kafa hujja da Outer Wilds na 2019. Wannan wasa yana da rana ɗaya da 'yan duniyoyi kaɗan da aka zana da hannu, kuma komai yana komawa farko bayan kowane minti 22. Babu makami ko kuɗin da ake tarawa, abin da ɗan wasa yake ƙaruwa da shi kawai shi ne sanin sirrin wurin. Ya lashe kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a 2020. Masu son manyan wasanni suna mayar da martani cewa a cikin fili mai faɗi ne kaɗai mutum zai isa inda babu wanda ya taɓa zuwa. A Elite Dangerous ana rubuta sunan wanda ya fara gano tauraro a jikinsa, kowa ya zo daga baya zai gani.

Wasa tare da jama'a

EVE Online na kamfanin CCP Games da ke Reykjavik a ƙasar Ayislan shi ne babban misalin haɗa kowa a duniya ɗaya. Ban da 'yan wasan ƙasar Sin da suke da tasu uwar kwamfuta, sauran duka suna kan guda ɗaya mai suna Tranquility, mai ɗauke da taurari fiye da 7,000. Kusan duk kumbon da ake gani 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansa, suka ƙera shi, suka sayar a kasuwa. Kumbon da aka tarwatsa ya tafi ke nan. A 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Eyjólfur Guðmundsson, don ya riƙa nazarin wannan kasuwa, kuma tun 2008 'yan wasa suke zaɓen majalisar wakilai da take tattaunawa da kamfanin.

An raba taswirar EVE gwargwadon tsaro. A yanki mai tsaro sosai akwai 'yan sandan wasa da ake kira CONCORD, waɗanda suke tarwatsa duk wanda ya kai hari ba bisa ƙa'ida ba, sai dai ba su hana harin aukuwa. A yankin da babu tsaro kuwa, ƙungiyoyin 'yan wasa ne suke mallakar ƙasa. Damfara da leƙen asiri da cin amana duk ba su saɓa dokar wasan ba. A watan Janairun 2014 wata ƙungiya ta kasa biyan kuɗin riƙe yankin B-R5RB a kan lokaci, abin da ya haifar da yaƙin sa'o'i 21 da mutane fiye da 7,500 suka shiga. An tarwatsa manyan kumbuna 75 na ajin Titan, kuma an ƙiyasta asarar da kusan dalar Amurka 300,000. A irin wannan cunkoso uwar kwamfuta takan rage gudun lokaci har zuwa kashi goma cikin ɗari don ta iya lissafa umarnin kowa.

Elite Dangerous ya ɗauki matsaya ta tsakiya. Yana da ƙofa uku: buɗaɗɗen wasa da kowa, wasa da zaɓaɓɓun abokai, da wasan mutum shi kaɗai. Duka ukun suna shafar kasuwa ɗaya da siyasa ɗaya. Masu son faɗa suna ƙorafin cewa abokin hamayya yana iya karya musu ƙarfi daga inda ba za su gan shi ba. Masu fatauci da bincike kuma suna cewa ba su sayi wasa don su zama abin farautar wasu ba. Haɗin kai ma yana fitowa daga irin wannan fili. A 2015 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Fuel Rats, wadda take kai wa duk wanda mansa ya ƙare ɗauki kyauta. A 2016 ayarin Distant Worlds ya yi tattaki na watanni zuwa Beagle Point, mai nisan shekarar haske kimanin 65,000 daga rana, kuma a tafiya ta biyu a 2019 mutane fiye da 13,000 suka yi rajista.

Tun a 1996 Richard Bartle, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera wasannin jama'a a kwamfuta, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman nasara, masu bincike, masu neman abokai, da masu son cin galaba a kan wasu. Ya nuna cewa idan kashi na ƙarshe ya yi yawa, masu neman abokai sukan watse, daga nan su ma mafarautan su rasa abin farauta. Yawancin dokokin tsaro da ake sanyawa a wasannin sararin samaniya ƙoƙari ne na daidaita waɗannan rukunoni.

Alƙawari da cikawa

Girman burin waɗannan wasanni ya sha jawo rikici tsakanin kamfanoni da masu saye. Kafin fitowar No Man's Sky, shugaban kamfanin Hello Games, Sean Murray, ya nuna cewa 'yan wasa za su iya haɗuwa. Da wasan ya fito a watan Agustan 2016, mutum biyu suka isa wuri ɗaya amma ba su ga juna ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta binciki tallan wasan, ta yanke cewa bai yaudari jama'a ba. Kamfanin ya ci gaba da gyara kyauta, kuma a watan Yulin 2018 ya sanya cikakken wasan jama'a, abin da ya dawo masa da mutunci a idon mutane da yawa.

Star Citizen na Chris Roberts an sanar da shi a 2012 da niyyar fitar da shi a 2014. Kuɗin da jama'a suka zuba masa ya haura dala miliyan 700 a shekarar 2024, galibi ta hanyar sayen kumbunan cikin wasa, alhali a lokacin yana matakin gwaji. Magoya bayansa suna ganin ana gina abin da babu kamfanin da ya taɓa gwadawa. Masu suka suna cewa sayar da kumbo da kuɗin gaske yana fifita mai hali a kan wanda ba shi da shi.

Batun intanet

Wasan jama'a ba ya yiwuwa sai da intanet mai ɗorewa. A watan Nuwamban 2014, wata ɗaya kafin fitowar Elite Dangerous, kamfanin Frontier Developments ya soke tsarin wasa ba tare da intanet ba, wanda ya yi alƙawarinsa lokacin da yake neman tallafi a Kickstarter a 2012. Wasu da suka ba da kuɗi suka nemi a mayar musu. Har yau ko mai wasa shi kaɗai sai ya haɗu da uwar kwamfutar kamfanin.

Wannan batu ya fi shafar wuraren da wutar lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas. A arewacin Najeriya galibin matasa a wayar hannu suke wasa, ko a shagunan haya na PlayStation inda wasan ƙwallon ƙafa ya fi karɓuwa. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana, kuma an ɗauki watanni kafin a dawo da su. A irin wannan hali wasa kamar EVE Echoes, wato EVE na wayar hannu da ya fito a 2020, ba ya buɗuwa ko kaɗan, yayin da Kerbal Space Program da Outer Wilds suke aiki ba tare da layi ba da zarar an sauke su. Shi ya sa wasu masu nazari suke kallon tsarin wasa ba tare da intanet ba a matsayin wani sashe na 'yancin ɗan wasa.