Inda wayar manomin Kura ke ajiye abin da ya yi mata yawa

Da yawa daga cikin wayoyin da manoman rani na Kura da Bunkure ke tambayar farashin shinkafa da tumatir da su Android ne, kuma a cikin kowace Android akwai Linux, tushen manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Ƙaramar waya mai ma'adanar aiki gigabait 2 takan cika da an buɗe WhatsApp, ga manhajar banki, ga kyamara.

Linux na yanka ma'adanar shafi-shafi, galibi kilobait 4 kowanne, yana riƙe da jadawalin da ke nuna mazaunin kowane shafi. A wayoyi masu bit 64, layin kowane shafi a jadawalin bit 64 ne. Idan wuri ya ƙure, sai a kwashe shafin da aka daɗe ba a taɓa ba. A Android yawanci wani wurin ajiya mai suna zram ake kai shi, inda ake matse shi ya ƙanƙance.

Hikimar tana cikin layin da shafin ya bari a jadawalin. Ba a goge shi. Ana mayar da bit ɗin da ke cewa shafi na nan zuwa sifili, daga nan na'ura ba ta ƙara karanta sauran a matsayin adireshi. Sai Linux ya rubuta abu biyu a gurbin: lambar wurin ajiya, wadda ba ta wuce 32, da matsayin shafin a ciki, kamar takardar da mai sito a Kura ke ba wanda ya kawo buhu. Wasu daga lambobin 32 an keɓe su don shafin da ake sauya wa wuri ko wanda ya lalace.

Da manhaja ta nemi shafin, sai na'ura ta dakata, Linux ya karanta layin, ya warware shafin ya dawo da shi. Ɗan jinkirin da ake ji wajen komawa WhatsApp, wani lokaci wannan aikin ne.